JAWABIN KWAMITIN ILIMI A BIKIN CIKAR IKKILISIYARMU SHEKARA HAMSIN



Muna yi wa Allah godiya da ya bar mu da rai da lafiya har muka ga wannan babbar rana. Dattawa sun ba kwamitinmu ɗan lokaci domin mu yi bayani a kan ɗaya daga cikin ayyukan wannan ikkilisiya, wato bitar koyar da Turanci da muke shirya wa malamai, da kuma ziyarar makarantu a garuruwa masu nisa. Da yawa a cikinku kun daɗe kuna ba da baiko saboda wannan aiki, amma ba ku taɓa zuwa inda ake yinsa ba. Saboda haka haƙƙinku ne ku ji yadda yake tafiya, da halin da yake ciki a yau.

Tushen Aikin

Bishara da karatun boko tare suka shigo ƙasar nan. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a shekarar 1932. A ƙarshen shekarun 1930 mishan na SIM suka fara aiki a asibitin kutare na Amanawa, nan kusa da Sakkwato, kuma waɗanda suka je neman magani da yawa sun koma gida sun iya karatu da rubutun boko. Iyayenmu na farko cikin bangaskiya ta ajin karatu suka bi. Shi ya sa har yau ba wuya ka ga majami'a a ƙauye, komai ƙanƙantarta, da allo a jingine a bango.

Ƙasar Sakkwato kuwa ta san malami mai tafiya tun kafin zuwan Turawa. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta shirya mata malamai da ake kira jaji, suna kai ilimi ga matan ƙauyuka. Saboda haka idan muka sauka a wani gari muka ce malamai ne mu daga Sakkwato, ba mu shan wahalar bayani, tabarma ake shimfiɗa mana.

Me Ya Sa Turanci?

A shekarar 1976, shekarar da aka kafa Jihar Sakkwato, Gwamnatin Tarayya ta fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wato UPE. Yara suka cika azuzuwa fiye da yadda aka zata, aka ɗauki malamai da gaggawa bayan gajeren horo. A shekarar ce kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna domin ƙara musu ilimi suna bakin aiki. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tsara a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, daga baya a koma Turanci. An yi ta sauya wannan tsari a shekarun da suka biyo baya, har aka ƙaddamar da shirin UBE a nan Sakkwato a 1999, amma harshen jarrabawa bai sauya ba. In ban da darussan harsuna, da Turanci ake yi wa yaro tambaya, da Turanci kuma zai amsa. Wanda bai sami kiredit a Turanci ba, ƙofar jami'a a rufe take gare shi, ko da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ce da ke bayan gidansu.

Abin da ya tayar mana da hankali shi ne 'ya'yan 'yan'uwanmu na karkara da ake kawowa birni su zauna a gidajenmu domin sakandare. Yaro ga hankali, ga ƙwazo, yana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa tiryan-tiryan, amma a aji sai ya yi tsit kamar ruwa ya ci shi. Ya rubuta jarrabawa sau biyu sau uku, kuɗin iyaye ya ƙare, ya koma gida da baƙin ciki. Da muka bi sawu sai muka tarar malaminsa na firamare ma yana cikin irin wannan hali. An ba shi aji, an ba shi alli, an bar shi shi kaɗai. Daga nan malaman da ke cikin ikkilisiyar nan suka yi shawara cewa a taimaki malami, gama malami ɗaya yana riƙe da yara masu yawa shekara bayan shekara.

Yadda Muke Yin Bita

Muna yin bita a lokacin dogon hutu, mako guda cur. Malamai suna kwana a azuzuwa da gidajen 'yan'uwa, iyayenmu mata suna dafa musu abinci. Ƙofa a buɗe take ga kowane malami, Kirista ko Musulmi, domin yaran da suke koyarwa 'ya'yan unguwa ɗaya ne.

Ƙa'idarmu ita ce a fara daga abin da yaro ya sani. Ga misalai uku:

1. Kalmomin aro. Yaron da ya san tebur, bokiti, burodi, fensir, mota da asibiti ya riga ya riƙe wani abu na Turanci bai sani ba. Muna nuna wa malami yadda Bahaushe yake sa wasali tsakanin baƙaƙe biyu, shi ya sa bread ya zama burodi. Idan yaro ya gane haka, tsoron harshen ya ragu da rabi.

2. Furuci. Hausa ba ta raba sautin p da na f, saboda haka pan da fan duk ɗaya ne a bakin yaro. Duka ba ya gyara wannan. Muna koya wa malami ya sa yaro ya ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa idan zai faɗi f, idan kuwa p ne ya rufe leɓɓa ya sake su gaba ɗaya, da 'yar takarda a gaban bakinsa domin ya ga ta motsa. Malamai manya masu furfura sukan yi ta dariyar junansu a wannan darasi, amma ba sa mantawa da shi.

3. Jinsi. A Hausa kowane abu namiji ne ko mace: rana ta faɗi, wata ya tsaya. Turanci yana da kalma ta uku domin abubuwa, wato it. Yaron da ya kira mota she tunani yake yi da Hausa, kuma tunaninsa daidai ne. Abin da yake bukata shi ne a nuna masa inda harsunan biyu suka rabu.

Har wa yau muna koyar da shirya darasi, da yin katin kalmomi daga kwalin sabulu, da ba yara dama su yi magana da juna maimakon maimaita abin da ke kan allo kamar aku. Muna kuma hana al'adar cin tarar yaro ko dukansa don ya yi Hausa a makaranta. Daniyel ya koyi harshe da rubutun Kaldiyawa a Babila, amma bai yar da bangaskiyarsa ko asalinsa ba. Haka muke so 'ya'yanmu su zama.

Ziyarar Makarantu

Bita ba ta cika sai an bi malami har ajinsa. A cikin Ayyukan Manzanni sura 8, mutumin Habasha yana da littafin Ishaya a hannu, yana kuma karantawa, duk da haka sai da Filibus ya bi hanyar hamada ya zauna kusa da shi kafin ya fahimta.

A shekarun baya mun bi hanyar Tureta da Talata Mafara zuwa Gusau, tafiyar fiye da kilomita 200. Mun bi ta Tambuwal da Jega da Koko har Yawuri, mun kuma ratsa zuwa ƙasar Zuru. Ta arewa mun bi Kware da Gwadabawa zuwa Illela a bakin iyakar Nijar. Kafa Jihar Kebbi a 1991 da ta Zamfara a 1996 bai raba mu da 'yan'uwanmu na can ba. Mun shiga motar kasuwa, mun hau kabu-kabu, mun kwana a tasha, mun sha zafin bazara da ƙurar hunturu.

Idan mun isa, sai mu fara gaida mai gari da hedimasta. Muna zama a bayan aji mu saurara, ba ma gyara wa malami a gaban yaransa. Bayan an tashi sai mu zauna da shi a inuwa mu tattauna, washegari kuma ɗayanmu ya ɗauki darasin shi ma malamin ya ga kurakuranmu. A ƙasar Zuru da Yawuri mun koyi wani abu: ɗan Dakarkari ko Bakambare yakan zo makaranta da harshen gidansu, Hausa ce ta biyu gare shi, Turanci na uku. Irin wannan yaro haƙuri ninki biyu yake bukata.

Halin Da Ake Ciki

'Yan'uwa, ba za mu ɓoye muku ba, aikin ziyara ya ja baya ƙwarai. Kun san abin da ya faru a 2021, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe 'yan mata daga makarantar Jangebe a watan Fabrairu, da ɗalibai daga kwalejin tarayya ta Birnin Yawuri a watan Yuni. Akwai hanyoyin da muka saba bi waɗanda dattawa suka hana mu bi yanzu, kuma sun yi daidai. Akwai malaman da suka bar garuruwansu, akwai yaran da suke zaune cikinmu a nan birni ba makaranta. Ga tsadar kuɗin mota. Ga shi kuma waɗanda suka fara wannan aiki wasu sun tafi hutawa wurin Ubangiji, sauran ƙafa ta yi nauyi. Idan ba a sami masu karɓa ba, aikin zai tsaya a hannunmu.

Roƙonmu

Na ɗaya, muna roƙon matasanmu masu takardar NCE da digiri, da masu bautar ƙasa da ke sujada tare da mu, su ba da mako guda a shekara domin bita.

Na biyu, tun da ba ko'ina muke iya zuwa ba, muna so mu riƙa kawo malaman nan Sakkwato. Muna roƙon gidajen da za su iya saukar da malami ɗaya ko biyu su ba da sunansu wurin sakatare.

Na uku, littattafan karatun yara da 'ya'yanku suka gama da su, kada a bar wa gara. A kawo su ofishin ikkilisiya.

Na huɗu, muna roƙon dattawa su ware wani abu daga baikon wannan biki domin ajin yamma na yaran da rikici ya raba da garuruwansu.

Na biyar, ku ci gaba da addu'a domin malaman karkara, da shugabanninmu, da zaman lafiyar ƙasarmu.

Daga ƙarshe muna gode wa direbobin da suka ɗauke mu, da matan da suka ciyar da mu, da masu gari da hedimastocin da suka karɓe mu hannu biyu. Ubangiji ya sāka wa kowa da alheri. Waɗanda za su tsaya a wannan wuri ranar cika shekara ɗari, Allah ya sa su tarar da aikin nan yana raye.

Allah ya albarkace ku duka. Amin.

Kwamitin Ilimi na Ikkilisiya
Sakkwato