Ana raba muku abin toshe kunne, amma an taɓa gwada jinku?

Yau a kan kunne za mu tattauna.

Wani abokina yana aiki a masana'antar robobi. Ya ce min ai kamfaninsu na kula da su, duk wata ana raba musu abin toshe kunne. Na ce to madalla, yaushe rabon da a gwada jinka? Ya yi shiru. Ashe ba a taɓa ba.

To a nan gizo ke saƙar. Ana auna ƙara da ma'aunin desibel. Hukumar NIOSH ta Amurka ta ce iyaka ita ce desibel 85 na awa 8. Da an ƙara 3 kacal, lokacin ya ragu da rabi: 88 awa 4, 91 awa 2. Kuma ƙananan ƙwayoyin da ke can cikin kunne, in suka mutu ba sa dawowa. Ba zafi, ba jini, sai dai wata rana ka ga kana ta cewa "na'am?"

Saboda haka in kana son sanin ko tsarin kamfaninku na aiki, tambaya za ka yi. An auna ƙarar wurin? An gwada jinka lokacin da aka ɗauke ka, ana kuma maimaitawa duk shekara a kwatanta? An gyara injin, ko an killace shi? Don rage ƙarar daga tushe ya fi toshe kunne nesa ba kusa ba.

Masu injin markaɗe da masu walda, ku ma da ku nake. In sai ka ɗaga murya kafin wanda ke gabanka ya ji ka, ƙarar ta yi yawa.