Wa Zai Shuka Ɗorawar Jikoki?

Duk wanda ya bi hanyar Ƙaraye zuwa Rogo zai ga ɗorawa da kaɗanya tsaye a gonaki, amma galibinsu tsofaffi ne. Ƙananan fa? Kalwar da ya kamata ta zama iri, mun dafa ta mun yi daddawa. Wadda ta tsira da kanta kuma, garma ko akuya ta gama da ita.

Aikin shuka su ba wuya. Idan ɗorawa ta nuna da bazara, a tsinko daga uwa mai yawan 'ya'ya, a wanke garin, a shanya kalwar a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka saboda ƙwari. Ɓawon kalwa tauri gare shi, don haka a jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana, ko a ɗan kankare gefenta kafin a sa a leda.

Kaɗanya kuwa ba ta jira. Ƙwallonta na bushewa ya mutu, sai a binne shi ɗanye da farkon damina.

Manoman bakin dam ɗin Challawa, ruwan reno ba ya yanke muku ko da rani. Bana a ware kwano guda na kalwa, kada ya shiga tukunya.