Kada Kwanakin Ɗaukaka Ƙara Su Wuce Muna Barci



Maganar da muka kawo muku yau ta shafi 'yan'uwanmu da ke kurkuku. Idan alƙali ya yanke wa ɗanmu hukunci, mukan yi kuka, mu yi addu'a, sa'an nan mu bar wa lauya sauran. Amma tun daga ranar hukuncin doka take fara ƙirga kwanaki. A Najeriya, wanda Babbar Kotu ta samu da laifi yana da kwana 90 ya shigar da takardar ɗaukaka ƙara. Daga Kotun Ɗaukaka Ƙara zuwa Kotun Ƙoli kuwa, kwana 30 ne kaɗai. In wa'adin ya wuce, sai an roƙi kotu ƙarin lokaci, a kawo mata ƙwaƙƙwaran dalilin jinkirin. Tana iya yarda, tana iya ƙi.

Ko a Amurka abin ya faru. A jihar Alabama an yanke wa Cory Maples hukuncin kisa. Lauyoyinsa biyu suka canja wurin aiki, ba su gaya masa ba, ba su gaya wa kotu ba. A 2003 kotu ta aika musu da hukuncinta, wasiƙun suka dawo ba a buɗe ba, kwana 42 na ɗaukaka ƙara suka wuce. Sai a 2012 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce lauyoyin sun yashe shi, bai kamata laifinsu ya hau kansa ba. Kusan shekara tara ke nan yana jira.

Mu da muke 'yan kaɗan a garuruwanmu, sau da yawa lauyanmu yana can babban birnin jiha, kuɗinsa kuma sai an yi baiko na makonni. Saboda haka muna roƙo, kowace ikkilisiya ta sa dattijo ɗaya a kan kowace shari'a. Ya rubuta ranar hukunci da ranar cikar wa'adi. Ya nemi kwafin takardar ɗaukaka ƙara mai hatimin kotu, kada ya tsaya ga "an riga an kai". In ba kuɗin lauya, a je Hukumar Ba da Tallafin Shari'a tun a makon farko.

Ibraniyawa 13:3 ta umurce mu mu riƙa tunawa da ɗaurarru. Ƙirga musu kwanakin nan yana cikin tunawar. Ubangiji ya ba mu himma. Amin.