Ƙarin da Aka Cire daga Hanji, Kada a Yar da Shi



A ƙasar Haɗeja, daga Auyo har Guri da Kirikasamma, idan mutum ya ga jini a bayan gida ba ya rasa abin da zai ɗora wa laifi: basur ne, ko atini, ko tsutsar tsargiya mai kama hanjin masunta da manoman shinkafa a fadama. Sau da yawa haka ɗin ne. Amma wani lokaci sankarar babban hanji ce, kuma kafin a gane ta riga ta yi nisa. A tura mutum Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano, a yi aiki, a cire ƙarin. Maganata yau a kan wannan ƙarin take, domin yana ɗauke da labarin da ya shafi dangi gaba ɗaya.

Kimanin kashi 3 cikin 100 na masu wannan sankara gadonta suka yi, ta hanyar abin da likitoci ke kira larurar Lynch. A 1913 Dokta Aldred Warthin na Jami'ar Mishigan a Amurka ya wallafa tarihin wata zuri'a da sankarar hanji da ta ciki da ta mahaifa suka addaba. A 1966 Dokta Henry Lynch ya bayyana wasu iyalai irinta, shi ya sa sunansa ya bi larurar.

Ga yadda abin yake. Duk lokacin da ƙwayar jiki za ta rabu biyu, sai ta kwafi rubutun halittar da ke cikinta, kuma akan yi kuskure. Allah ya sanya wasu sinadarai huɗu, MLH1 da MSH2 da MSH6 da PMS2, suna bi suna gyarawa, kamar malamin tsangaya mai yi wa allon almajiri darasu. Wanda ya gaji naƙasa a ɗayansu, kurakurai kan taru har su haifi sankara, galibi kafin shekara 50. Kowane ɗa ko 'ya na mai larurar yana tsakanin gada da rashin gada, rabi da rabi. Ga mata kuwa har da barazanar sankarar mahaifa.

Gwajin gano alamar larurar a ƙarin da aka cire ba ya buƙatar sabon aiki a jikin majinyaci. Ɗakin bincike kan adana yankin ƙarin cikin kaki, ya shekara da shekaru bai lalace ba, kuma ana iya aika shi wani gari mai shi yana gida. Sai a yanko ɗan siriri, a zuba masa rini na musamman, a duba a madubin likita ko sinadaran nan huɗu suna nan. Idan wani ya ɓace, ba a yanke hukunci nan take, domin MLH1 kan yi shiru a jikin tsofaffi ba tare da gado ba. Gwajin jini ne ke tabbatarwa. Tun 2017 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a yi wa duk mai sankarar babban hanji wannan gwaji.

Mu ma abin ya shafe mu. A 2021 likitocin Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, tare da cibiyar Memorial Sloan Kettering ta Amurka, sun wallafa cewa kusan kashi 28 cikin 100 na ƙarin da suka bincika a Nijeriya yana da alamar lalacewar wannan gyara, kusan ninki biyu na abin da aka gani a Amurka. Ba duka ne na gado ba, amma adadin ya isa a tashi tsaye.

Me dangi za su ƙaru da shi? Wanda aka tabbatar ya gada, ana fara leƙa hanjinsa da na'ura tun yana wajen shekara 25, duk shekara ɗaya ko biyu, a tsinke tsiro kafin ya rikiɗe. Binciken da Farfesa John Burn na Jami'ar Niyukasil ya jagoranta ya nuna asfirin na rage haɗarin, amma da izinin likita. Wanda bai gada ba, hankalinsa ya kwanta, 'ya'yansa ma sun kuɓuta. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Roƙona uku ne. Ma'aikatan asibitocinmu, ku tambayi majinyaci: wa ya taɓa irin wannan ciwo a gidanku, yana ɗan shekara nawa? Iyalai, idan an yi wa naku aiki, ku karɓi takardar sakamako, ku riƙe lambar ƙarin, ku tambaya ko an gwada shi. Gwamnatin Jigawa kuma ta ɗauki nauyin aikawa da kuɗin gwajin, domin manomin da jinya ta cinye amfanin gonarsa ba zai iya ba. Sannan mu riƙe sirrin juna, kada sakamako ya zama abin gori ko dalilin fasa aure.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.