Hanyar Kufan Mahaƙa a Duwatsun San Juan



Batun wannan lacca shi ne wata hanya da ake kira Alpine Loop, wadda ta ratsa duwatsun San Juan a Jihar Kolorado ta Amurka. Tsawonta wajen mil 65 ne, ta kuwa haɗa garuruwan Silverton da Ouray da Lake City. Hanya ce mai gargada da tsakuwa da kwana-kwana, ga tsauni a hannu guda, ga kwazazzabo a ɗayan. Sai mota irin Landiroba ke iya hawanta, shi ma sai lokacin zafi, bayan ƙanƙara ta narke.

Mahaƙa ne suka sare wannan hanya domin alfadarai da kekunan kaya su sauko da azurfa da zinariya, bayan an karɓe yankin daga hannun ƙabilar Ute da yarjejeniyar 1873. Matafiyin da ya taso daga Silverton zai iske kufan garin Animas Forks, wanda tudunsa ya ɗara ƙafa 11,000. A shekarar 1883 mutanensa sun kai 450, har da jaridarsu. Da farashin azurfa ya faɗi a 1893, sai arzikin garin ya soma ja da baya. Kafin ƙarshen shekarun 1920 ya zama kango, sai 'yan gidajen katako da iska ke kaɗawa.

Daga nan hanya ta haura zuwa mashigin Engineer, mai tsayin ƙafa 12,800. A can ido kan hango tsaunuka jere, iyakar gani. Amma mai lura zai hangi tsibin ɓaraguzai a bakin tsofaffin ramuka, wato abin da mahaƙa suka bari a baya.

Wannan gado bai daina cutarwa ba. A watan Agusta na 2015, gurɓataccen ruwa wajen galan miliyan 3 ya ɓalle daga tsohuwar mahaƙar Gold King, ya mai da kogin Animas rawaya, har manoman ƙabilar Navajo suka dakatar da ban ruwa. Wanda ya san kududdufan kuza na Jos, ko gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010, ba ya bukatar dogon bayani. Ma'adini kan ƙare cikin shekaru kaɗan, amma ɓarnar da haƙarsa ta jawo takan jira jikoki. Saboda haka wajibi ne hukuma ta tanadi kuɗin gyaran ƙasa tun kafin a kafa diga.