Jawabi Ga Direbobi: Idan Mota Tana Warin Fetur

'Yan'uwa direbobi, da masu babura, da masu injin ban ruwa a fadamar Haɗeja.

Maganata a yau a kan tururin fetur ce. Fetur yana tashi ya bi iska. Ido ba ya ganinsa, amma hanci yana ji. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yakan wuce digiri 40. A lokacin ne ya fi tashi.

Masu ƙera mota sun yi dabarar tsare shi. Murfin tanki yana da roba mai toshe baki. Akwai siririn tiyo daga tanki zuwa wani gwangwani mai gawayi a ciki. Gawayin yana riƙe tururin. Idan inji ya tashi, sai ya zuƙe shi ya ƙone.

Yaya za ku gane wannan hanya ta lalace? Alama ta farko, warin fetur alhali mota tana tsaye. Ta biyu, mota ta yi wuyar tashi bayan an sha mai. Ta uku, fitilar inji ta kama a gaban direba.

Ku fara duba murfi. In robarsa ta tsage, ku sake sabo. Kada a toshe tanki da tsumma ko leda. Sannan ku bi tiyo da ido da hannu, domin zafi yana busar da shi ya fashe. In ba ku ga komai ba, ku kai wa makanike. Kada ku cika tanki har baki, domin mai zai malala cikin gawayin ya lalata shi. Masu babur da injin ban ruwa, ku duba murfi da tiyo da famfon mai.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023, fetur ya yi tsada. Wanda ya bi iska, kuɗinku ne. Tururin kuma ya fi iska nauyi, yana kwanciya ƙasa, shi ne ke kama wuta. Kada a duba da ashana, kada a sha taba kusa.

Ba mu manta da gobarar tankar mai ta Majiya ba, a kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, a watan Oktoba 2024. Fiye da mutum 150 suka rasu. Allah Ya jiƙansu, Ya kiyaye mu.

Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Wassalam.