Ledar da Ba Ta da Mai Saye

Laccar da aka gabatar a dandalin Ƙungiyar Ɗalibai, Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato



An ba ni ɗan lokaci in yi magana a kan wani tsari da masu masana'antun roba na duniya suke ta yayatawa, wanda suka laƙaba wa suna tattalin arziki mai kewayowa. Manufarsa ita ce, mazubin da aka sayar da kaya a cikinsa kada ya ƙare a juji. Ko dai a sake amfani da shi, ko kuwa a narkar a ƙera wani. Dalilinsu a fili yake, domin rahoton da ƙungiyar OECD ta fitar a 2022 ya nuna kashi 9 cikin 100 kacal na sharar robar duniya ake sake sarrafawa.

Ni dai da na karanta bayaninsu, sai na ce ashe abin da kakanninmu suka saba ne aka raɗa wa sabon suna. A garin nan, in ƙwarya ta tsage gyartai ake kai wa ya ɗinke. Goro cikin ganye yake zuwa, mai cikin tandu. Kwalbar lemo kuwa ba ka fita da ita daga kanti sai ka ajiye jingina. Har jujin gari dukiya ne: da rani manoma kan shigo da jakuna, su cika mangala da toka da shara da kashin dabbobi, su kai gona ko fadamar Rima. Abin da birni ya zubar sai ya dawo mana gero da albasa.

Leda ce ta tsinke wannan igiya. Manomi ya kai taki, sai ya zauna yana tsince ta, domin ba ta ruɓewa. A bar ta, ta toshe magudanar ruwa kafin damina. A ƙone ta, hayaƙinta ya shiga ƙirjin yara. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne jar akuyar Sakkwato, wadda fatarta ta ratsa Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ku tambayi mahauta irin dunƙulen ledar da suke fitarwa daga tumbinta. Ciki cike, amma dabba sai ramewa take yi, alhali kuwa ita ce asusun matar da ke kiwonta a cikin gida.

To, amma ku lura da wani abu. Daga Dandima zuwa harabar jami'a, gorar ruwa ba ta kwana a ƙasa. Yara sun tsince, sun kai wa masu kunun aya da zoɓo da man gyaɗa. Fasasshen bokiti da tsohuwar buta, 'yan gwangwan suna saye a kan sikeli, a niƙa, a yi lodi zuwa masana'antun Kano irin na Sharaɗa da Challawa. Ba wanda ya taɓa yi wa mutanen nan lacca. Ledar ruwa kuwa, ana samun mai saye jifa-jifa, amma sai ka tara tsibi kafin ta yi kilo guda, kuɗin bai kai ladan sunkuyawa ba. Baƙar leda ko kyauta ba mai so. Watau abin da ke da kuɗi a kansa shi ake ɗauka, sauran iska ke rabawa.

Wasu ƙasashe hani suka zaɓa. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017. Maƙwabciyarmu Nijar ta yi tata dokar a 2014, amma wanda ya ƙetara Illela ya shiga Birnin Ƙonni ya ga yadda leda ke lilo a kan ƙaya. Mu nan kuwa, wa zai hana ruwan leda cikin watan Afrilu, zafi ya haura 40, famfo bai kai ko'ina ba?

Hanyar Jamus ta fi kama da tamu ta da. Tun 2003 suka sa jingina a kan gorar abin sha, wadda a yau santi 25 ce, kuma fiye da 9 cikin 10 na gorunan suna dawowa. A ƙasarmu ma, manyan kamfanonin abinci da abin sha sun kafa haɗakar tattara roba a 2018, suka fara daga Legas, sa'an nan Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar kula da sharar roba a 2020, wadda ta ɗora wa mai ƙera kaya alhakin mazubinsa. Saura a ga wannan alhaki ya iso unguwanninmu da sikelinsa da kuɗinsa.

Ga abin da nake roƙon wannan ƙungiya. Motar da ke kawo ruwan leda ɗakunan kwananmu, guda 20 a kowace jaka, fanko take komawa. A zauna da masu gidajen ruwan, a yi sharaɗi: duk wanda zai sayar a cikin jami'a ya koma da ledarsa, ya biya wanda ya tara masa. A ajiye buhu da sikeli a ƙofar kowane ɗakin kwana, a rubuta awon kowane mako har ƙarshen zangon karatu, domin mu tafi wurin hukuma da lissafi a hannu. Ni na ɗauki nauyin littafin awon ɓangarenmu. Ana bukatar wadda za ta riƙe na ɓangaren mata.